Baƙar Motar Baba

Mahaifina direba ne. Ya fara da kwasar fasinja tsakanin Gumel da Maigatari, daga baya wani attajiri mai fataucin dabbobi ya ɗauke shi ya riƙa tuƙa shi, kuma a hannun mutumin nan ya yi furfura. Da attajirin ya rasu, 'ya'yansa suka ce motar da Baba ya fi jan ubansu a ciki ta zama tasa. Baƙa ce wuluk, tsohon yayi, doguwa mai faɗin gaba. Baba ya fasa wani sashe na katangar gidanmu ya sa babban ƙyaure, ya shigo da ita ya ajiye a gindin darbejiyar da ke tsakar gida. Ba ya fita da ita sai ran Juma'a ko in za a ta'aziyya, amma kullum da safe sai ya wanke ta.

Ni ne babba a cikin 'ya'yansa, ni ne kuma na zauna a gidan da iyalina. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Sule Tankarkar, kullum in tafi a babur in dawo. Ƙannena sun watsu, kowa yana inda abincinsa yake. Inna kuwa ciwon gwiwa ya cinye ta, daga ɗaki zuwa bayi sai da sanda.

Mantuwar Baba ta fara a hankali. Ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Ya yi alwala ya sake yi. Wata Juma'a ya fita da motar, daga masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai wani maƙwabcinmu mahauci ne ya gan shi a tsaye a bakin titi, hannu a kan sitiyari, yana ta waige-waige. Na kai shi asibiti. Likita ya ce ƙwaƙwalwar ce ke tsufa fiye da jikin, ba a dawo da abin da ya tafi, sai dai a kula da shi a hana shi tuƙi. Ran nan na cire batirin motar na ɓoye makullin a akwatin Inna.

Bai taɓa neman makullin ba. Abin da ya rage masa shi ne wankin. Sai dai hannunsa ya fara rawa, in ya ɗauki bokiti rabin ruwan a jikinsa yake ƙarewa. Wata safiya santsi ya ɗebe shi ya bugu a ƙugu, daga nan na ce ni zan riƙa wankewa.

A lokacin ne na gane abin da motar take a wurinsa. A cikin kansa maigidansa bai mutu ba. Kullum in ya idar da sallar asuba ya sha kunu, sai ya sa babbar riga da hula ya fito, ya zagaye motar yana shafa ta da bayan hannu. In ya ga tana ƙyalli, sai ya jawo kujerarsa ya zauna kusa da ƙofar direba, ya ce, “To, ko yanzu Alhaji ya aiko, a shirye muke.” Nan zai wuni lafiya lau, ya yi gyangyaɗi, ya yi hira da kaji, a ba shi abinci ya ci. In kuwa ya ga tabo ko ɗaya, sai hankalinsa ya tashi.

“Na makara. Alhaji zai fito ya tarar da ita haka. Ina bokiti? Ina ruwa?”

Ba lallashin da ke shiga kunnensa a irin wannan hali. Ya ɗauki bokiti ya nufi ƙofa, wai zai je rijiya, wata rijiya da aka cike tun ina firamare. In an tare shi ya yi ta kokawa yana kuka, dattijon da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ran da aka binne mahaifiyarsa. Sau biyu ya suɓuce wa matata. Na farko an tsinto shi a bayan kasuwa, na biyu a bakin wani kududdufi, ya cire takalma yana shirin shiga.

Wanda bai taɓa riƙe baƙar mota ba ba zai san wahalarta ba. Farar mota tana rufa wa mai ita asiri, baƙa kuwa tonon silili gare ta. Kashin tsuntsu, sawun kaza, shatin hannun wanda ya dafa ta, ɗigon ruwan da ya bushe, duk sai ta nuna. Ga jemagu suna kwana a darbejiyar nan suna tauna 'ya'yanta suna zubarwa. Na so in matsar da motar daga gindin bishiyar, Baba ya ce rana za ta ci fenti, ya kwanta a gaban taya. Na sayo tamfol na lulluɓe ta, ya fito bai ga mota ba ya ɗauka an sace, ya yi ihu har maƙwabta suka shigo. Dole na yaye.

Da farko irin wankin da na gani a wurinsa nake yi: garin sabulu, soso, ruwa bokiti bayan bokiti, sannan a tsane, sannan a shafa wani mai kauri na gwangwani, a jira ya bushe ya yi fari, a murje da ƙarfi har kafaɗa ta riƙe. Kafin in gama rana ta fito. Nakan isa makaranta an gama taron safe, rigata a jiƙe da gumi. Shugaban makarantar mutumin kirki ne, ya kau da kai ya kau da kai, har ran da ya kira ni ofis.

“Malam, na san halin da kake ciki,” ya ce. “Amma darasin farko naka ne, yara kuma suna zaune ba malami. In masu duba makarantu suka faɗo mana, ba ni da bakin kare ka.”

Me zan ce? In ce mota nake wankewa, motar da ba ta zuwa ko'ina?

Ana haka bazara ta shigo, injin rijiyar burtsatsen unguwarmu ya ƙone. Ruwa ya zama sai an bi 'yan garuwa ana roƙo, wani lokaci ka tare mai kura ya ce duk jarkokin da masu su. Abin da muke samu da ƙyar yake isa sha da girki da alwala. Wata safiya na ɗauki jarka zan juye a bokiti, matata ta riƙe hannunta.

“Baban yara, wannan ce ta ƙarshe.”

“Na sani.”

“Ka sani, za ka zuba wa ƙarfe? Yara ba su yi wanka ba tun shekaranjiya. Zanin Inna na nan a jiƙe da fitsari ban wanke ba.”

“In ban wanke ba, ke za ki iya riƙe shi?”

Ta saki jarkar ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Ba rigima ce da ita ba, ita ce ke wuni da tsofaffin nan biyu ina can. Na tsaya da jarka a hannu, na rasa wanda zan tausaya wa. A ƙarshe na tsiyayi kaɗan a buta na goge gaban motar da gefen da Baba ke zama, na bar sauran. Allah ya taimake ni ran nan bai zagaya baya ba.

Na gwada goge ta a bushe da tsumma. Kafin mako ya zagayo fentin ya cika da siraran zane kamar saƙar gizo, in rana ta haska duk su fito. Baba ya duƙa ya ƙura musu ido ya ce, “Wa ya yi mini wannan aika-aika?” Ran nan bai ci abincin rana ba.

Wata Asabar na je Maigatari neman maganin gwiwar Inna, na biya ta layin masu kayan mota. Wani mutumin Damagaram da ke da rumfa a wurin ya ji abin da nake nema, ya miƙo mini wata gorar man goge mota mai bakin feshi da tawul biyu masu laushi kamar gashin kyanwa. Ya ce direbobin manya da ke tsallako iyaka da su suke amfani. Ka jiƙa tawul ɗaya a rabin bokiti, ka bi motar daga sama zuwa ƙasa, kada ka murza, jawo kawai, kana ninke tawul ɗin kana sauya gefe. Tun tana da danshi ka fesa man nan gefe-gefe, ka bi da busasshen tawul. A inuwa, kafin ƙarfen ya yi zafi. Taya da ƙasan ƙofa kuma tsumma dabam, a ƙarshe.

Washegari na gwada. Kafin matata ta gama dama kunu na kammala, ruwan da ya rage a bokitin ma na zuba wa kaji. Motar ta yi sheƙi har ganyen darbejiya na fitowa a jikinta ɗaya-ɗaya. Baba ya fito ya zagaya, ya shafa, ya sunsuna hannunsa.

“Yaron nan ka iya aiki,” ya ce. “Ɗan wane gida ne kai?”

Na ce ɗan nan gidan ne. Ya gyaɗa kai ya jawo kujerarsa.

Mun sami sauƙi na ɗan lokaci. Man nan yana sa ƙazanta ba ta kama fenti sosai, kashin jemage ma da an ɗora jiƙaƙƙen tawul a kai an ɗan jira sai ya taso. Na koma isa makaranta a kan lokaci. Har na fara tunanin mun gano bakin zaren.

Sai damina ta faɗi.

Ran da abin ya faru Alhamis ce. Na wanke motar, na fesa mai, na ga Baba ya zauna, na hau babur na tafi. Muna cikin jarrabawa hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, aka yi ɗan ruwa mai tafe da ƙasa, irin wanda ba ya wanke komai sai dai ya ɓata. Wayata tana kashe a aljihu saboda dokar ɗakin jarrabawa. Da na kunna bayan an tattara takardu, kiran matata ne ya fara shigowa.

“Baba ya fita.”

“Ya fita ina?”

“Ban sani ba! Iska ta yaye kwanon ɗakin girki, na je ina danne shi da dutse, Inna na ɗaki. Da na dawo ƙyaure a buɗe, babu shi babu bokiti.”

Ban san yadda na iso Gumel ba. Motar na nan tsakar gida, ta yi dabbare-dabbare da jan laka da ganye, kujerar Baba a kife. Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana jan carbi, bakinta na motsi amma ba sauti. Maƙwabcinmu mahaucin ya riga ya rufe teburinsa ya tara matasan unguwa, sun duba bayan kasuwa, sun duba kududdufai, sun leƙa masallatai. Aka yi cigiya a lasifikar masallacin unguwa. Ba labari.

Wani mai faci a bakin titi ya ce ya ga wani tsoho da bokiti yana tsayar da mota, amma bai lura da wadda ya shiga ba. Ran Alhamis kuwa duk abin da ke da taya Maigatari yake nufa, ranar kasuwa ce. Baba ya yi rabin rayuwarsa a kan hanyar nan, kuma daga kasuwar zuwa iyaka taku kaɗan ne. In ya bi ayarin mutane ya tsallaka, a ina zan fara nemansa?

Na ɗauki mahaucin a baya muka tafi. Kasuwar ta cika ta batse, manyan motoci sun jeru ana loda shanu, raƙuma a durƙushe, babura na kutsawa ta ko'ina, ƙasa ta zama caɓi. Na buɗe hoton Baba a waya ina nuna wa duk wanda ya tsaya. Masu shayi, 'yan kamasho, dillalan awaki, mata masu fura. Wani ya ce kamar ya gani, wani ya ce tsofaffi ai da yawa. Na hango wata farar hula irin tasa a cikin taro, na ture mutane na kamo hannun mai ita, ya juyo, wani ne dabam. Na je wurin jami'an da ke bakin iyaka, ɗayansu ya karɓi wayar ya duba da kyau ya ce bai wuce ta gabansu ba, amma hanyoyin cikin gona ba su ƙirguwa.

La'asar ta yi muna nan. Na shiga sahu na yi salla, ban san me na karanta ba. Da na sallame na kasa tashi. Na tuna kududdufan da ruwan ranar ya ƙara cikawa tun daga Gumel har nan, kowanne kuma a idon Baba rijiya ce. Mahaucin ya dafa ni ya ce, “Malam, tashi. Zama ba namu ba ne yanzu.”

Muna komawa wurin babur wayata ta yi ƙara. Ɗan gwaggona ne da ke zaune a Gagarawa Tasha, garin da aka haifi Baba.

“Yaya, kana ina? Kawu na nan wurinmu.”

Sai da na sa ya maimaita.

Ashe motar da Baba ya tsayar ba ta Maigatari ba ce. Ya ce wa direban Tasha za shi, direban ya ga dattijo cikin shiga ta mutunci ya ɗauke shi. Da aka sauke shi ya yi ta yawo da bokitinsa yana neman gidan ubansa, gidan da ya daɗe da zama fili. A ƙofar wani gida da ake zaman makoki ya ga baƙar mota ta wani baƙo da ya zo ta'aziyya, ita ma ruwan ya ɓata ta. Ya ɗebi ruwa a kwatar da ke gefen hanya, ya tuɓe babbar rigarsa ya tsoma, ya hau wanki.

Mun isa rana na gab da faɗuwa. Tun daga nesa na hango shi, daga shi sai 'yar shara da wando, ƙafafu cikin laka, yana ta goga rigar a murfin injin. Ruwan kwata ne, duk inda ya goga sai ya ƙara ɓaci, shi kuma sai ya ƙara ƙarfi. Mutane sun yi cirko-cirko. Ɗan gwaggona ya ce da farko wasu sun ɗauka madubi yake son cirewa, har an fara ɗaga murya, sai mai motar ya fito ya dube shi ya ce kowa ya ƙyale shi. Sun yi sun yi ya zauna ya ƙi.

Na je wurin mai motar, wani mutum mai kimanin shekaruna, na fara ba shi haƙuri, don na san yashin da ke cikin rigar nan ya gama zane masa fenti. Ya ɗaga hannu.

“Haba Malam. Nawa uban ma haka ya yi kafin ya rasu, shi kuma gona yake nema. Fenti ai ana sakewa. Ka lallaba shi kawai, tun ɗazu jikinsa ke rawa.”

Na matsa kusa da Baba na ce, “Baba, sannu da aiki.”

Bai dube ni ba. “Ta ƙi fita,” ya ce. “Ina ta yi ta ƙi fita. Alhaji zai kore ni, ga yara ƙanana.”

“Ba zai kore ka ba. Shi ya aiko ni, ya ce yau ba fita, ka je gida ka huta. Ni zan ƙarasa.”

Ya tsaya yana haki. “Shi ya faɗa?”

“Shi ya faɗa.”

Ya miƙo mini jiƙaƙƙiyar rigar. Tafin hannunsa duk ya saɓule. Na tuɓe tawa rigar na sa masa, mai motar ya buɗe ƙofar baya ya ce shi zai kai mu har Gumel. Baba ya ƙi shiga baya, ya ce direba ba ya zama wurin maigida. Sai gaba muka sa shi, ni na zauna a bayansa na riƙe kafaɗunsa, mahaucin ya biyo mu da babur.

Sanyin ranar ya sauka masa a ƙirji. Ya yi kwanaki a asibiti ana ƙara masa ruwa, ni da matata muna karɓa-karɓa, ƙanina na Kano ya zo ya kwana biyu ya koma. Da aka sallamo shi ya rame, tafiya sai an riƙe shi. Na sa wa ƙyauren kwaɗo, na ci gaba da goge motar kowace safiya don kada ya fito ya gani.

Wata safiya na makara, ban kai ga motar ba sai ga matata ta fito da shi shan hantsi. Jemagu sun yi aikinsu, ga sawun kaji har kan gilashi. Na tsaya da tawul a hannu ina jiran kukan. Ya dubi motar kamar yadda zai dubi turmi ko katanga, ya kau da kai, ya ce a ba shi kunu.

Na sha zaton ran da haka ta faru zan ji an sauke mini kaya. Sai ga ni na wanke ta tas, na fesa mai har sau biyu, na kamo hannunsa na kawo shi gabanta na ɗora tafinsa a kan ƙarfen.

“Baba, duba. Ta yi?”

Ya janye hannun ya ce ƙarfen da sanyi.

Bayan sallar layya ƙanina ya zo da bakanike, suka sa sabon batir, matasan unguwa suka tura ta ta tashi, ya tafi da ita Kano. Baba na barci a lokacin. Inna ce ta sa aka fito da ita ƙofar ɗaki, ta bi motar da ido har ta fice, sannan ta ce a mayar da ita ɗaki.

Na rubuta takardar neman a dawo da ni wata makaranta a cikin Gumel, har yanzu shiru. Baba yanzu ba ya tashi sai an tashe shi, abinci sai a baki. Jiya da na dawo daga Sule Tankarkar na shiga gaishe shi, ya kama bakin rigata ya ce, “Malam, don Allah in ka ga innata a hanya ka ce mata ina nan, ta zo ta tafi da ni.” Na ce to, zan faɗa mata. Na gyara masa matashi, na fita na ɗebo ruwan da za a yi masa alwala.